Man Shanun da Na Kaɗa da Ƙafafuna

Wautar da na tafka ita ce na yi ƙaryar targaɗe a gidan da katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan mai ɗori. Da ciwon ciki na ce, da jiƙo kawai za a ɗura mini in yi kwanciyata. Da ciwon kai na ce, da an ɗaure mini goshi da ɗankwali an ƙyale ni. Amma duk cututtukan da ke duniya, sai na zaɓi wadda mai maganinta ke zaune a maƙwabta yana jiran aiki.

Jirgin ƙasa ne ya ja mini. Bara ne, ina aji biyu a sakandare, shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Gombe ya ruga ya sayo abin da ke ƙara. Wani rediyo, wani garmaho, wani babur. Babana ma ya jingine kekensa a zaure ya sayi jan babur, tumbi kuma ya biyo baya kyauta. Ana cikin wannan hayaniya malamin wasanninmu ya tara mu a fili wata Litinin. Mutumin ƙasar Tangale ne, tsohon soja, ya dawo daga yaƙi da ɗingishi a ƙafar hagu. Ba ya duka, ba ya tsawa. Kallo kawai yake yi, irin kallon da ke sa mutum ya tuna laifin da ya yi tun yana aji ɗaya a firamare. Ya ce nan da mako goma za a yi gwajin gudun mil uku, mutum huɗun da suka riga kowa za su tafi gasar makarantu a Maiduguri, kuma a jirgin ƙasa za a je.

Ni kuwa tun da aka haife ni a unguwar Dawaki nake jin kukan jirgin nan. Na san lokacin zuwansa fiye da yadda na san lokacin cin abincina, amma ban taɓa sa ƙafata a cikinsa ba. Kafin magariba na gaya wa unguwa kaf cewa zan tafi Maiduguri. Na yi wa mai shayin bakin layinmu alkawarin hula. Na yi wa Kaka, mahaifiyar babana, alkawarin turaren wutan da zai ƙamsasa gida har ya kai tasha.

Abin da na manta shi ne, kafin a shiga jirgin sai an yi gudu.

Da yammar Talata aka fara atisaye. Zagaye goma sha biyu na filinmu shi ne mil uku. A zagayen farko na wuce kowa, har ina waiwaye ina ɗaga wa 'yan aji biyar hannu. A na biyu wani abu ya soke ni a haƙarƙari kamar askar wanzami. A na uku huhuna ya fara neman hanyar fita ta kunne. Sauran taran a kwance na kalle su daga gindin bishiyar dogon yaro, ƙudaje suna yi mini ta'aziyya.

Washegari na tashi da targaɗe. Na naɗe idon sawuna da tsumma, na fito tsakar gida ina dafa bango ina nishi. Dabarata ita ce in huta mako guda ko biyu, in ya so ranar gwaji in fito da sabon ƙarfi in ba kowa mamaki.

Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni.

"Maigida, me ya sami ƙafar?"

"Targaɗe ne, Kaka. Ƙashin ma ina jin ya goce."

"Ayya, sannu. Miji ɗaya gare ni, ba zan zuba ido ya gurgunce ba. Dafa ni mu shiga maƙwabta."

A nan na tuna da katangar. Amma na riga na yi nishin da ba ya janyuwa.

Mai ɗorin tsoho ne mai yatsu kamar filaya. Ya zaunar da ni a tabarma, ya kwance tsumman, ya shafa man kaɗanya, ya latsa nan ya latsa can. Duk inda ya taɓa sai in yi ihu, har wurin da bai kai ga taɓawa ba. Ya ɗaga kai suka haɗa ido da Kaka, sannan ya girgiza kai cikin jimami.

"Hajiya, abin ya yi muni. Ƙashin ya fara haɗewa a karkace. Sai an karya an sake ɗorawa." Ya juya ya ƙwala wa 'ya'yansa kira. "Ku zo ku biyu ku danne mini shi, ku taho da taɓarya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsallake tabarma, na tsallake akuyar da ke zaure, na kusa tsallake mai ƙosai da kaskonta. Ban tsaya ba sai bakin kasuwa. Yunwa ce ta dawo da ni gida da azahar, a kan ƙafafuna biyu, lafiya lau.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta turo mini kwanon abinci ta ce, "Yau na ga gudu. Ashe barewa nake aure ban sani ba. To me ya hana ka yin irinsa a makaranta?"

Ina da wani lauya a cikin kaina wanda bai taɓa faɗuwa shari'a ba. Nan take ya miƙe ya fara aiki. Na ce ba ni da kambas. Na ce da yamma ake atisaye, rana tana dafa ƙwaƙwalwa. Na ce 'yan manyan aji suna ture mutum a fili. Na ce jinin gidanmu ba na gudu ba ne, ta dubi Baba.

"Jirgin fa? Ka fasa?"

"Ban fasa ba."

"To shi ke nan."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar gora mai dogon wuya, da majanyi, wannan ƙyallen da mata ke ɗaure goyo da shi. Kaka a ruga ta girma, aure ne ya kawo ta gari, kuma ƙanwarta tana nan da shanunta a wata ruga bayan Gabukka. Mu muna kiran ƙanwar Kakar ruga.

"Da muna yara," in ji ta, "in za mu tashi daga wani mashaya zuwa wani, sai mu zuba kindirmo rabin gora mu rataya wa sa. Kafin a sauka tafiya ta kaɗa shi, mai ya fito, ba wanda ya wahalar da hannunsa. Ni yanzu wuyan hannuna ya gaji da kaɗi. Daga gobe in ka idar da sallar asuba, ka je ruga a zuba maka, ka goyo ta a baya ka taho a guje. Da asuba babu rana, babu 'yan manyan aji, yashi kuma ba ya tambayar kambas. In ka yi gudu, zan ga man shanu. In ka yi tafiyar amarya, zan ga kindirmo. Bakinka ya huta, gora za ta ba ni labari."

"Goyo, Kaka? Ni? A cikin garin nan?"

"Kai da ka yi ihu a gaban mai ƙosai, wace kunya ta rage maka?"

Haka na fara. Zuwa ba wuya, a tafe nake zuwa ina jefa wa ƙadangaru tsakuwa. Kakar ruga ta tare ni da "Jam waali?" na amsa da "Jam," wanda shi ne kusan rabin Fulatancina. Ta zuba kindirmo rabin gora, ta toshe da totuwar masara, ta ɗaure mini a baya tamau har numfashina ya rabu biyu. Ta buga mini kafaɗa ta ce in ruga.

Na ruga kamar yadda na saba, wato kamar an saki kare a bayana. Kafin in fita daga gonakin farko na ƙare. Sauran hanyar na yi ta da jan ƙafa, musamman a cikin kwarin nan mai yashi, inda in ka yi taku biyu yashi ke karɓe ɗaya.

Sannan ga famfo. Kowa ya san sha'anin ruwa a Gombe: tun duhun asuba 'yan mata ke jera bokitai a famfon bakin unguwarmu, kuma ba su da aikin yi sai kallon hanya. Da suka hango ni da goyo, sai da layin ya watse don dariya.

"Barka da arziki! Mace ce ko namiji?"

"Sannu mai jego! Yaushe ne suna?"

"Ki yi a hankali, kada ki ka da jaririn!"

Kafin mako ya zagayo, har yaran da ba su iya ɗaura wando ba suna kirana mai jego. Abu ɗaya dai ya amfane ni: daga inda 'yan matan ke fara hango ni har kwanar gidanmu, ko mutuwa nake yi sai na yi gudu.

Kaka takan karɓi gorar, ta cire totuwa, ta tsiyaye a ƙwarya, ta leƙa. "Kindirmo," za ta ce, kamar alƙali yana yanke hukunci. Kwana tara a jere, kindirmo.

Ranar Asabar Baba ya tausaya mini, ko kuma dai yana neman dalilin hawa babur. Ya ce in jira shi a bayan masallaci. Muka je ruga cikin minti kaɗan, na sa ya tsaya nesa don kada Kakar ruga ta gani, muka dawo ina bayansa iska tana busa ni kamar ɗan gwamna. Na roƙe shi ya bi ta duk wani rami da ya gani don gorar ta girgiza. Kusa da gida na sauka, na yayyafa wa goshina ruwa, na shiga ina haki.

Kaka ta tsiyaye. Kindirmon ya fito a kwance, ko gezau bai yi ba. Ta kama majanyin ta sunsuna.

"Yaushe ka fara gumin fetur?"

Ta ajiye majanyin.

"Kira mini wancan mai tumbin." Ba ta faɗar sunan Baba, ɗan fari ne.

Baba ya shigo yana sosa ƙeya. "Inna, gani na yi yaron yana wahala."

"Ka ga yaron. Ka ga cikinka? Da kake hawa keke, rigar sallarka tana shiga. Ka bar mini mijina, kada ka mai da shi irinka."

Baba ya fita sumsum. Daga ranar babur ya fita daga lissafi.

Amma lauyana bai sallama ba. Ya ce mini, ai gora ba ta da ido. Abin da ta sani girgiza ce kawai, ba ruwanta da ko ƙafa ce ko hannu. Na yaba wa kaina da wannan basira har na ji tausayin sauran yaran da Allah bai ba su irin kaina ba.

Ranar Litinin, da na baro ruga, na sami gindin wata tsamiya a bakin kwari, na kwance goyona, na zauna, na kama gora da hannu biyu na shiga girgizawa. Minti biyar na farko har waƙa nake yi. Daga nan kafaɗuna suka kama wuta. Na koma hannun dama, na koma hagu, na sa ta tsakanin gwiwoyi. Gumi ya jiƙe ni har cikin kunne. Ina cikin wannan hali na ji takun mutum a yashi, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya mara nauyi. Na ɗaga kai, sai ga malamin wasanni cikin tsohuwar singiletin soja, a guje, da ɗingishinsa.

Ya tsaya. Ya yi mini kallon nan.

"Kai, me kake yi a nan?"

"Kaɗi nake, Malam."

"Kaɗin me?"

Na nemi lauyana na rasa, ya tsere ya bar ni. Dole na faɗi gaskiya tun daga mai ɗori har fetur. Malam ya yi dariya har sai da ya dafa tsamiya. Ranar na fara ganin haƙoransa.

"Tun yaushe kake girgizawa?"

"Zai kai rabin awa, Malam."

"Daga nan zuwa Dawaki a guje bai kai haka ba. Ka fi wanda ya yi gudun shan wahala, kuma ba ka matsa kusa da jirgi ko da taku ɗaya ba. Wane irin malalaci ne kai, mai wahalar da kansa haka?"

Na sunkuyar da kai. Ya ja ƙafar wandonsa sama ya nuna mini wani tabo a ƙaurinsa, baƙi, a lotse.

"Akwai ɗan ƙarfe a ciki har yanzu. Kullum da asuba ƙafar nan tana da magana. Ba na zama mu yi shawara da ita a kan gado, don in muka zauna ita ke cin nasara. Sai na sa takalmi na fita ƙofa tukuna. In tana da ƙorafi, ta faɗa a hanya. Yawanci kafin mu kai kwari ta manta." Ya saki wandon. "Goya jaririnka. Ka bi ni, kuma kada ka kuskura ka wuce ni."

Muka kama hanya. Gudunsa a hankali yake, har na ji kunya a madadinsa. Na yunƙura zan wuce, ya miƙa hannu ya tare ni.

"An ce kai ne sarkin surutu a ajinku. To ba ni labari. In ka kasa magana, gudun ya yi yawa, ka rage."

Na ba shi labarin akuyar mai ɗori, na ƙara mata ƙaho biyu. Na ba shi labarin ranar da Baba ya fara koyon babur ya shiga rumfar mai kayan miya. Ina cikin na uku na ga famfo a gabana. Ban tsaya ko sau ɗaya ba tun daga tsamiya. 'Yan matan suka buɗe baki za su fara, suka ga Malam, kowace ta koma kallon bokitinta.

Ranar mai ya fito a gora, ɗan dunƙule. Na tsaya ina jiran yabo. Kaka ta miƙo mini kunu, na kai hannu, ludayin ya kama rawa har kunun ya zube a cinyata. Ta dubi hannuwana da ke karkarwa, ta dubi man.

"Wannan man hannu ne. Kai wa maƙwabcinmu, ya shafa wa masu targaɗen gaskiya."

Na kai masa da kaina. Ya karɓa, ya tambaye ni ya ƙafa.

A daren ranar na yanke shawara ba zan ƙara zama shari'a da lauyana ba, tunda na ga ba na cin nasara. Na fara kwana da gajeren wandona a jiki. Na rataye gorar a saman ƙofar ɗakinmu daidai goshina, yadda ko fitsari zan fita sai ta gaishe ni. In na dawo daga masallaci ba na komawa ɗaki ko don ɗaukar wani abu, saboda na san tabarmata: in ta ga idona, ta kama ni. Tun fitata nake ciro gorar in ajiye ta a zaure kusa da majanyi, in na dawo in ɗauka in wuce.

Lauyan bai mutu ba, ya dai koma bin ni a hanya. Yakan ce cinya tana ciwo. In ce masa na ji, bari mu kai tsamiya. In mun kai tsamiya ya ce to a huta. In ce bari mu haye kwari. Haka nake yaudararsa daga bishiya zuwa bishiya, kamar yadda ya daɗe yana yaudarata.

Damina ta sauka sosai a mako na huɗu. Wata asuba na farka ruwa yana dukan kwanon ɗakinmu, sanyi mai daɗi yana shigowa ta taga, ƙannena sun duƙunƙune kamar 'yan kyanwa. Lauyana ya gyara riga ya ce yau kam ko Kaka ba za ta ce komai ba. Gaskiyarsa ne kuwa, ba za ta ce ba. Na kwanta ina sauraren ruwan, sai na tuna wani mutum mai ƙarfe a ƙafa, na tabbata yana can yana ɗaura takalmi. Na tashi, gora ta buga mini goshi, na fita. Kwari ya kawo ruwa ranar, ban yi gangancin shiga ba, na zagaya ta gada, hanya ta ƙaru. Kakar ruga ta gan ni jiƙe sharkaf ta riƙe baki, ta yi wata doguwar magana da Fulatanci wadda na fahimci kalma ɗaya a ciki, ita ce mahaukaci.

Na taho a guje cikin yayyafi, gora tana culum, culum, culum a bayana, ƙafata tana bin sautin. Wajen gada na ji sautin ya canza. Culum ɗin ya koma wani ɗan ƙwal, ƙwal, kamar akwai abu mai nauyi yana yawo a ciki. Ban gane ba sai da Kaka ta tsiyaye a ƙwarya. Tsala ta zubo, tsinkakkiya, sai ga dunƙulen mai ya faɗo a kai, rawaya, ya kai ƙwan zabo. Ta duba hannuwana, ba sa rawa. Ta duba ƙafafuna, laka har gwiwa. Sai ta rangaɗa guɗar da ta ta da ƙannena, ta ta da kaji, ta fito da Baba daga wanka da kumfa a kunne.

"Ku zo ku gani! Mijina ya haihu!"

Ta wanke man da ruwan randa, ta soya shi da albasa, aka zuba a miyar kuka da dare. Ban taɓa cin tuwon da ya kai wannan ba, kuma na gaya wa kowa a kwanon cewa gumina suke ci.

Daga nan mai ya riƙa fitowa kusan kullum. Na fara zuwa a guje, in dawo a guje. Na koma atisayen yamma a makaranta, na daina ɗaga wa kowa hannu. Man shanu ya yi yawa a gidanmu har cinnaku suka yi ƙiba. 'Yan matan famfo suka gaji da tsokana suka koma tambaya, "Mai jego, yau ya fito?" In buga gorar in ce su saurara da kunnensu.

Ranar gwaji mun fi mu talatin a layi. Baba ya sayo mini farin kambas, amma na cire shi a bakin fili, don ƙafata ba ta san shi ba. Malam ya busa usur. Kowa ya zabura, ni ma jikina ya so ya bi su, sai na ji bayana wayam, ba gora, ba sautin da zan bi. Na rikice na ɗan lokaci. Sai na fara yi da bakina a hankali, culum, culum, culum. Wani ɗan aji uku da ke gefena ya dube ni ya matsa.

A zagaye na uku ina cikin na baya. Na wuce bishiyar dogon yaron da na taɓa kwanciya a gindinta, na ga mutum biyu sun riga sun kama wurin. A na shida na fara tsintar waɗanda suka zabura, ɗaya bayan ɗaya. A na tara Malam ya ɗaga mini yatsu takwas, wato ni ne na takwas. A na goma sha ɗaya ya ɗaga shida. Askar wanzamin nan ta dawo haƙarƙarina, lauyana ya ce na shida ma abin a yaba ne, na ce masa ya bari mu kai kwana. A kwanar na wuce mutum ɗaya. Saura ɗaya tak tsakanina da jirgi, wani dogon ɗan aji huɗu mai ƙafafu kamar na raƙumi. Na zuba duk abin da ke jikina. Na ga bayan rigarsa, na ga gumin da ke wuyansa, har na ji numfashinsa. Ya taka layi, na taka bayansa da taku uku.

Na zube a ciyawa. Malam ya zo ya tsaya a kaina da takardarsa.

"Na biyar," ya ce. Ya sake duba takardar. "Amma sha biyun duka ka yi. Tashi ka taka, kada jinin ya tsaya."

Hanyar gida ta yi mini tsawo ranar. Mai shayi ya hango ni ya taɓa kansa ya ce, "Ina hular tawa, Alhajin Maiduguri?" Na kau da kai na wuce. A gida Kaka ta dubi fuskata ta gane. Ta ciro gorar daga saman ƙofarmu, ta wanke, ta shige da ita ɗakinta.

"Ka huta, maigida. Aiki ya ƙare. Turaren wuta kuma akwai a kasuwa."

Da asuba na dawo daga masallaci, a karo na farko cikin makonni na koma ɗaki na kwanta. Lauyana bai taɓa samun shari'a mai sauƙi irin wannan ba. Jirgi ya wuce ni. Kaka da bakinta ta sallame ni. Cinyoyina suna ciwo, ciwo na gaskiya wanda ko mai ɗori zai shaida. Duk abin da ya faɗa daidai ne, ban musa ko ɗaya ba. Na rufe ido. Na juya dama, na juya hagu. Ƙafafuna suka ƙi kwanciya, sai motsi suke kamar an ɗaure akuya a turke lokacin kiwo. Na tuna yadda yashin kwari ke da sanyi a tafin ƙafa kafin rana ta fito. Na tuna Kakar ruga za ta fito da kindirmo ta tsaya tana duban hanya, don ba wanda ya aika mata cewa na zo na biyar.

Na tashi na je na ƙwanƙwasa ƙofar Kaka.

"Tsohuwa, ina gorata?"

"Wace gora? Ba an gama ba?"

"Miyar yau da me za a ci?"

Na ji tana dariya ƙasa-ƙasa a ciki. Ƙofa ta buɗe kaɗan, gora ta fito, majanyi ya biyo baya ya sauka a fuskata.

Ranar da 'yan huɗun suka tafi, ina tsakiyar kwari da goyona na ji kukan jirgin daga tasha. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na dai ci gaba da culum ɗina har gida, mai kuma ya fito.

Yau shekara guda da 'yan watanni ke nan. Da azumi na rage gudun, ina fita bayan sahur in yi rabin hanya in juyo. Na yi fashin kwana shida da zazzaɓi ya kwantar da ni, da kwana biyu na sallah, da wata rana guda da lauyana ya yi nasara ba tare da wani dalili ba, washegari kuma na fita. Gorar farko ta fashe a bakin gada, wannan ta biyu ce. Baba ya sa an gyara kekensa, yana hawa ranar Lahadi in ba mai kallo.

Bana da aka yi gwajin na zo na uku. Sai dai kafin lokacin an raba jiha, Maiduguri ta fita daga tamu, gasar ta koma Bauchi, kuma a bayan babbar motar makaranta aka kai mu, a kan benci. Har yau ban shiga jirgin ƙasa ba.